Man fetur ba ya bin taswirar siyasa

Duk lokacin da aka taɓo maganar man fetur a Arewa sai mu rabu gida biyu: masu cewa an ɓoye mana arziki, da masu cewa duk yaudara ce. Ni dai a ganina mun bar jaki muna dukan taiki. Abin tambaya shi ne, wa ya karanci duwatsun, kuma me ya gani?

Ku ɗauki Bonga, filin man Shell da ke cikin teku, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, ƙarƙashin ruwa mai zurfin fiye da mita 1,000. A 2005 aka fara fitar da mai a can. Man yana cikin rairayin da kogin Neja ya tara a bakin teku miliyoyin shekaru da suka wuce. Rairayin ya riƙa zaftarewa yana gangarawa ƙasan teku ta cikin kwazazzabai, daga baya laka ta binne shi. Rairayin ke riƙe mai kamar soso, lakar kuma ita ce murfi. Kafin a haƙa rijiya sai da masana suka aika amo cikin ƙasa, suka zana taswirar inda tsoffin kwazazzaban nan suka bi. Ka kauce musu kaɗan, laka zalla za ka huda, kuɗi sun bi ruwa.

Mu ma teku ya taɓa shafe wasu sassan Arewa, duk da bai kai wancan zurfi ba. Dutsen da ake siminti da shi a Ashaka da Kalambaina a cikinsa ya taru. To amma tsohon teku kaɗai ba mai ba ne. Sai an samu lakar da zafin ƙasa ya dafa ta zama mai, da rairayin da zai riƙe shi, da murfin da zai hana shi tserewa. NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a yankin Tafkin Chadi ba ta samu na sayarwa ba, alhali Nijar tana fitar da nata a Agadem tun 2011.

An yi bikin Kolmani a Nuwamban 2022. Dokar man fetur ta 2021 kuma ta ware kashi 30 na ribar man NNPC don bincike a sababbin wurare. Mu da ke aikin gwamnati mun san biki ya fi bincike saurin samun sa hannu. Shi ya sa nake cewa a fara kashe kuɗin a nazarin duwatsu, a buɗe bayanan tsoffin rijiyoyi ga jami'o'inmu, a kuma ba masu binciken tsaro. Ba mu manta da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da aka kai wa hari a yankin Magumeri a 2017 suna kan wannan aiki ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Masana ilimin duwatsu da ke nan, don Allah ku tofa albarkacin bakinku.