Daga Bakin Fili: Wa Zai Ɗauki Kofin Makarantu Bana?

An koma lakwal, alli ya fara cin yatsu, kuma tun kafin a gama raba littattafai yara sun tare ni a bakin aji da tambayarsu ta kowace shekara: "Mushe, yaushe za a fara balo?" To ga shi lokaci ya yi da zan sake sa wuyana a igiya, in faɗi yadda nake ganin kakar ƙwallon makarantu za ta kasance a nan Tamanrasset.

Na san akwai masu jirana. Bara a wannan fili na bugi ƙirji na ce makarantarmu za ta kai wasan ƙarshe na wilaya, sai ga shi a wasa na biyu aka yi waje da mu. Mai shayin unguwarmu ya yanke shafin ya liƙa a jikin teburinsa, har yau idan na zauna sai ya nuna mini shi da cokali kafin ya zuba mini. Na karɓi laifina. Amma abin da ya kayar da mu bara shi ne kan maganata ta yau, domin ba a cikin fili aka ci mu ba.

Bari in fara da iyayen da ba su san yadda abin yake ba, don da yawa cikinmu sun yi ƙuruciyarsu a Agadas, Tawa ko Damagaram, inda tsarin ya bambanta. Abin da muke kira koleji, wato mutawassiɗa ko CEM, shekara 4 ne, yaro ya shiga yana da kamar shekara 11, ya fita da jarrabawar BEM. Wasannin makarantu suna ƙarƙashin hukumarsu ta ƙasa, FASS, kuma hawa-hawa ake yi: a kara tsakanin makarantun gari, a fitar da gwanin wilaya, daga nan sai yanki, sai ƙasa baki ɗaya. Kafin yaro ya taka fili da rigar makaranta sai an yi masa lasisi, lasisi kuwa ba ya fita sai da shaidar likita, da yardar uba a rubuce, da takardar da ta nuna ranar haihuwa.

Hasashena na farko ke nan. Kofin bana ba na makarantar da ta fi gwanaye a watan Oktoba ba ne. Na wadda ta kai watan Maris da 'yan wasanta 11 cif ne. Mu Hausawa kuwa a nan aka fi samun mu da rauni. Bara mai tsaron gidanmu, yaro ne da ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba a shekarunsa, ana saura kwana biyu wasa sai aka ce mahaifinsa ya tafi In Gezam da kaya, ya bar masa shago. Na je har kasuwa na same shi a zaune bayan tulin atamfa, yana ba da canji, idonsa ya yi ja. Ban ga laifin uban ba, kilomita wajen 400 ne tsakaninmu da In Gezam, kuma ba ya da wani babban ɗa. Sai dai da ya faɗa mini tun da wuri, da mun nemo wanda zai riƙe shagon na awa uku. Muka sa ɗan aji ɗaya a raga, aka zura masa huɗu, ya fita yana kuka. Yaron da ya bar fili saboda shago, a abin da na gani cikin shekarun koyarwata, ba ya daɗewa sai ya bar aji ma. Wannan ne ya sa nake ɗaukar maganar da zafi, ba don kofi ba.

Ga kuma azumi. A shekarun nan yana faɗowa ne a tsakiyar kaka: na 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ƙungiyar da ta yi barci wata guda cur ba motsa jiki za ta dawo bayan salla da ƙafafu kamar an ɗaura musu dutse. Malamin da ya iya tara yaransa su ɗan taɓa ƙwallo bayan an sha ruwa, shi zai ci riba. Kafin azumin ma akwai sanyin Disamba da Janairu, wanda duk wanda ya kwana a garin nan ya san ba wasa ba ne. Daga Afrilu kuma 'yan aji huɗu sai su ɓace cikin shirin BEM, kuma daidai ne su ɓace, ni da kaina nake korarsu.

Na biyu, maganar takardu. Ina mai tabbatar muku bana ma za a samu wasan da aka ci a fili aka ƙwace a ofis. Matsalar iri biyu ce. Akwai ta masu gemu, wato a kawo saurayin da ya isa aure a ce ɗan shekara 14 ne. Wannan cuta ba a nan ta tsaya ba. A 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasu wasannin a Kano, sai da FIFA ta kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don a gane shekarun yara. Mu ba mu da na'ura, ido ne da takarda. Ɗaya matsalar ta fi shafarmu, kuma ba ha'inci a cikinta. Yaro an haife shi a Arlit, takardarsa da faransanci ta ce Issoufou ɗan Mahamadou, rajistar makaranta da larabci ta ce Yusuf ɗan Muhammad. Mu mun san mutum ɗaya ne. Malamin da aka ci, wanda ke neman hanyar ƙara, ba ruwansa da abin da muka sani. Iyaye, ku ɗauko takardun nan yanzu ku kawo mu duba tare. Idan an gyara don ƙwallo, an gyara don BEM, inda kuskuren harafi ɗaya ya fi tsada nesa ba kusa ba.

To, mu shiga fili. Yaranmu na Tahaggart da Gat El Wad, waɗanda suka koyi ƙwallo a cikin yashin kwari da takalmin roba ko ma ba takalmi, Allah ya ba su ƙafa. Yashi yana koya wa yaro riƙe ƙwallo, don idan ka tura ta ba ta tafiya, sai ka ɗauke ta da kanka. Illar ita ce idan aka kai su fili mai shimfiɗar roba, inda ƙwallo ke gudu kamar an kore ta, sai ka ga kowa yana son ya yanke mutum biyar shi kaɗai, abokinsa na tsaye a sarari yana ɗaga hannu har ya gaji. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, na faɗa musu har muryata ta dushe.

Makarantu uku nake kallo, ba zan kama suna ba don dukanmu muna haɗuwa a masallaci. Mai riƙe da kofi ta yi asarar ƙashin bayanta, yawancin waɗanda suka ci mata bara sun haye lise. Za ta fara da cika baki, ta tsaya a kusa da na ƙarshe. Tamu tana da 'yan gaba biyu masu kyau da baya mai yoyo kamar tsohon bokiti. Idan mai tsaron gidanmu ya samu wanda zai karɓe shi a shago, za mu kai zagaye na kusa da ƙarshe, in ba haka ba kuwa mai shayi ya tanadi wani wurin liƙa takarda. Wadda na ba kofin ita ce ta can gefen gari, wadda yaranta ke takowa da ƙafa safe da yamma. Ba su da gwani ko ɗaya da za ka nuna, amma ba sa gajiya, malaminsu ya riƙe su tun suna aji ɗaya, kuma na lura takardunsu kullum a shirye suke tun makon farko.

Bayan wilaya fa? Nan zan yi taka-tsantsan. Garinmu yana kan tudun da ya kai mita wajen 1,400 sama da teku, saboda haka yaron da ya girma a nan yana da numfashi, idan ya sauka ƙasa zai yi gudu ya bar na can. Amma kafin ya sauka sai ya kwana a mota. In Salah kaɗai ta haura kilomita 600, Aljer kuwa kusan 2,000. Hanya ce ke fara cin wakilanmu kafin abokan karawa su taɓa su, kuma ban ga alamar bana za ta sauya hali ba.

Yara sun ce in faɗi na manya ma. A gajarce: daga 2019 zuwa 2025 kofin ƙasa bai bar birnin Aljer ba. USMA ta ɗauka a 2019, Belouizdad ta jera huɗu daga 2020 zuwa 2023, Mouloudia ta karɓa a 2024 da 2025. Kuɗi da 'yan kallo suna can, don haka can na bar shi. Zuciyata dai tana wajen Saoura ta Bashar, wadda ta zo ta biyu a 2016 da 2018, ta nuna cewa mutanen Sahara ma suna iyawa.

Bashar ɗin ce ta haifi Hicham Boudaoui, wanda ya bi ta makarantar ƙwallo ta Paradou, ya ci kofin Afirka da Aljeriya a 2019, a shekarar kuma ya tafi Nice ta Faransa. Kowane yaro a ajina ya haddace wannan labari. Abin da ba su haddace ba shi ne ta ƙofa ya bi, mataki-mataki. Duk kaka sai an samu wani mai jaka da tabarau ya tsaya bakin fili, ya bi uba har gida ya ce a kawo kuɗi zai kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai a wasu 'yan yanayi da ba su shafi ɗan kolejin Tamanrasset ba. Wanda ya ce maka zai kai ɗan shekara 14 Marseille, kuɗinka yake so. Idan ya zo, ku turo shi wajena a lakwal, ina da tambayoyi uku da zan yi masa.

Da zarar jadawali ya fito zan sa shi a wannan fili. Ina roƙon iyaye maza su zo kallo ko sau ɗaya ne, don a wasanmu na bara na ƙirga iyayen yaranmu a bakin fili ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Ni da mai shayi kuwa mun ƙulla: idan 'yan gefen gari suka ɗauka, shayina na wata guda kyauta ne, idan suka faɗi ni zan saya masa gawayi.