Daga Mataimakin Likita Zuwa Likita: A Yi Lissafi Kafin A Sauya Hanya



A wannan fitowa za mu duba wata tambaya da ke tasowa a gidajen da suka tura yaro karatun kiwon lafiya a Amurka. Ya shiga horon mataimakin likita, ya yi nisa, sai zuciyarsa ta karkata ga cikakken likitanci. Ya ajiye abin da ya fara, ko ya ƙarasa?

Mu fara da sanin aikin. A 1965 Dokta Eugene Stead ya buɗe ajin farko na mataimakan likita a Jami'ar Duke, jihar Karolina ta Arewa, saboda ƙarancin likitoci. Ɗalibansa na farko tsofaffin ma'aikatan jinya ne na sojan ruwa. Yau horon kan ɗauki kimanin wata 27 bayan digirin farko. Wanda ya gama yana duba maras lafiya, ya gano cuta, ya rubuta magani, ya taimaka a ɗakin tiyata, tare da likitan da suke aiki da shi. Yana kuma iya sauya fanni ba tare da ya koma makaranta ba.

Hanyar likita ta fi tsawo. Sai an ci jarrabawar shiga da ake kira MCAT, a yi shekara 4 a makaranta, sannan shekara 3 zuwa 7 na horon ƙwarewa a asibiti. Galibin makarantun ba sa lissafa darussan da mataimaki ya riga ya yi. Daga ajin farko zai soma. Makarantar Lake Erie da ke Pensilbeniya na da tsarin shekara 3, amma don waɗanda suka kammala horon mataimaki ne. Ga kuma bashi: yawancin masu gama likitanci a can suna fita da bashin karatu, kuma matsakaicinsa ya kai wajen dala 200,000.

Ke nan wanda ya fita a tsakiyar horo ya rasa takarda, kuɗin da aka kashe ba su dawowa, kuma babu tabbacin samun gurbi a gaba, inda za a tambaye shi dalilin barin na farko. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Mu ma a nan mun san wannan matsayi na tsakiya. Makarantar likitanci ta Dakar, wadda Faransawa suka buɗe a 1918, mataimakan likita ta riƙa yayewa, kuma daga can Félix Houphouët-Boigny ya fito a 1925. Su an yi masu iyaka ne. Ƴaƴanmu ƙofa a buɗe take gare su, sai dai tana da tsada.

Shawararmu ita ce iyaye su zauna da yaron su tambaye shi: mene ne kake son yi wa maras lafiya wanda takardar mataimaki za ta hana ka? In ya ce shi ne zai riƙe wuƙar tiyata, ko ya ɗauki nauyin hukunci na ƙarshe, dalilinsa ya karɓu, a taimake shi. Duk da haka ya fi kyau ya ƙarasa, ya yi aiki, ya rage bashi, sannan ya nemi shiga. In kuwa so yake a kira shi “lokotoro” idan ya zo gida hutu, shekara bakwai ko fiye da jinkirin aure sun yi wa suna tsada. Mu iyaye ma mu binciki kanmu, kada ya zama burinmu ne muka ɗora masa.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu jagora. Sai fitowa ta gaba.