Mun iya rakiyar gawa, mun kasa zaman jinya



A garin nan na Potiskum, da zarar an sanar da rasuwa, kafin a gama wankan gawa ƙofar gida ta cika. Daga Dogo Tebo, daga Yerimaram, har daga Mamudo jama'a za su zo. A shimfiɗa tabarmi kwana uku, a ɗora tukwane. Madalla. To amma ina wannan jama'ar take a watannin da mamacin ya yi a kwance, tun ranar da likita a Gombe ko Kano ya ce cutar ta ci jiki, a koma gida?

Yana ƙuryar ɗaki, shi da mace guda, matarsa ko 'yarsa ko ƙanwarsa. Ita ce wanki, ita ce juya shi, ita ce kwana zaune tana jin nishinsa. Mu kuwa sai mu leƙa daga bakin ƙofa mu ce "ya jiki?", mu ajiye ledar lemo mu fice kamar ana korarmu. Malamanmu kullum suna faɗa cewa duba mara lafiya da bin jana'iza duk haƙƙin ɗan uwa ne. Mun ɗauki wanda mutane ke ganinmu a ciki, mun bar wanda yake da wari da gajiya.

Da muka kawo shawarar kafa 'yan sa-kai na jinya a taron ƙungiya, wasu dattawa sun ce wannan shiga sirrin gidan mutane ne, kuma yi wa mara lafiya zancen mutuwa fata ne. Muna girmama su, amma ba mu yarda ba. Wannan shirun shi ya sa mutum ke tafiya bai faɗi bashin da ake binsa ba, bai bar wasiyya ba, bai nemi gafarar ɗan uwan da suka yi shekaru ba sa ga maciji ba. Shi kuma ke ba masu maganin lasifika damar cinye ɗan abin da ya rage wa marayu, da alƙawarin warkar da ciwon daji a mako biyu. Sau da yawa majinyacin ya riga kowa sanin halin da yake ciki. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna ya saurare shi.

Kula da wanda ba a sa ran warkewarsa fanni ne a aikin asibiti. Cicely Saunders ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967. A Yuganda, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a 1993, ana bin marasa lafiya har gida da ruwan maganin mofin mai araha. Mu nan, saboda ɓarnar kodin da ta sa gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, wasu iyalai na tsoron duk wani maganin raɗaɗi mai ƙarfi, ko da likita ne ya rubuta. Sai a bar tsoho yana murƙususu a ce haƙuri yake yi.

Ba allura muke so kowa ya yi ba, wannan na ma'aikatan lafiya ne. Awa biyu a mako muke nema, maza wajen maza, mata wajen mata, kuma sai gidan da ya amince. A juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo, a jiƙa masa leɓe, a ɗebo ruwa, a karɓo magani, a bar mai jinya ta runtsa. Idan lokaci ya yi, a samu mai tuna masa kalmar shahada a hankali. Maƙwabtanmu Kirista ma suna cikin lissafi, a kira musu nasu.

Rajista tana hannun sakatare. Za mu nemi wata ma'aikaciyar jinya ta koya wa rukunin farko yadda ake ɗaga mara lafiya da tsabtace shi kafin a tura kowa gidan kowa.