Takarda ce ke raba talaka da magani

Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin jarrabawa ya san wannan ciwon kai: yaro ya yi karatu, ya cancanta, amma rajistarsa ta tsaya saboda ba shi da takardar haihuwa. Abin da ke faɗo mini a rai ke nan duk lokacin da na bi labarin Medicaid, inshorar lafiyar masu ƙaramin ƙarfi a Amurka.

An kafa shirin a 1965. Gwamnatin tarayya da jihohi ne ke haɗa kuɗinsa, amma kowace jiha ita ke tafiyar da nata. Dokar Obama ta 2010 ta so a faɗaɗa shi ga manya marasa galihu, sai kotun ƙoli ta yanke a 2012 cewa jiha na iya ƙi. Jihohi 40 sun karɓa, 10 sun ƙi, cikinsu har da Texas da Florida. Ke nan talauci iri ɗaya, amma samun magani ya danganta da jihar da mutum yake kwana.

Sabon lamari shi ne sharaɗin aiki. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu kan dokar da ta wajabta wa manya da yawa da ke cikin shirin su nuna shaidar awa 80 a wata na aiki, karatu ko hidimar jama'a, kuma a riƙa sake tantance su duk wata shida. An ba jihohi zuwa farkon 2027 su fara.

Masu goyon baya na cewa kuɗin haraji ne, mai lafiya ya tashi ya nema. Maganar tana da daɗin ji, amma an riga an gwada ta. Jihar Arkansas ta kafa wannan sharaɗi a 2018, ta ce a riƙa kai rahoto ta intanet. Cikin ƴan watanni mutum fiye da 18,000 suka rasa inshorarsu, har alƙali ya dakatar da shirin a 2019. Binciken da ya biyo baya bai ga ƙaruwar masu aiki ba. Yawancin waɗanda abin ya shafa suna aiki tun da farko, ko kuma suna cikin waɗanda doka ta yafe wa. Cike takarda ne ya kayar da su.

Haka aka sake gani daga Afrilun 2023, da jihohi suka koma tantancewa bayan annobar korona. An cire mutum fiye da miliyan 25, kuma kusan bakwai cikin goma saboda wasiƙar da ba ta iso ba ko takardar da ba a mayar kan lokaci ba. Akwai yara da yawa a cikinsu.

Ra'ayina shi ne, hukumar da ta ce tana kula da talaka, ita ya kamata ta ɗauki wahalar tabbatar da cancantarsa. Bayanan albashi da haraji suna hannunta. Mai aikin yini ba ya da takardar albashi, ba ya da lokacin bin layi.

Mu ma a Nijar muna da alkawarin magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar tun 2006, kuma ana ta zancen inshorar lafiya ga kowa. Ranar da za a tsara rajista, mu tambaya tun da wuri: wace takarda za a nema, wa zai bayar da ita, nawa za ta ci? Kafin nan, iyaye mu yi wa kowane jariri takardar haihuwa cikin wa'adi, mu adana katin awo da na rigakafi. Malamai kuma, a farkon shekara mu ƙirga ɗaliban da ba su da takarda, mu miƙa sunayensu ga ma'aikatar magajin gari tun jarrabawa ba ta ƙarato ba.