Wa ya ƙirga maƙeran Sheme?

Turkawan Usmaniyya da suka mallaki garuruwan Balkan sun riƙa rubuta magidanta a littafin haraji, wani lokaci har da sana'a: majemi, maɗinki, maƙeri. Mu kuwa alƙaluman baƙo muke ta juyawa. Barth, Bajamushen da ya ratso ƙasar Hausa a 1851, ya kiyasta Kanawan birni dubu 30, Katsinawa ba su wuce dubu 8 ba, karofin Kano kuma sun haura dubu 2, harajin kowanne wuri 700. To, garin Sheme fa? Masaƙa nawa suka rage a Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa? Ni dai gara ɗalibanmu su durƙusa gaban Sarkin Maƙera da Sarkin Pawa, biro a hannu, tun dattawan na da ƙarfin magana.