Wasiƙa Daga Birmingham: Ku Bar Yaron Nan Ya Kalli Star Wars

  Mu nan Birmingham sai godiyar Allah, in ban da sanyi da ruwan sama da ba sa hutawa.

Wasiƙar yau ta faɗa ce, don haka kowa ya gyara zama. Labari ya iso mini cewa an hana ɗan Yaya, yaro mai shekara 12, kallon Star Wars, har an ƙwace zane-zanen kumbon da yake yi a bayan littafinsa. Wai kada ya zama irin baffansa na Ingila, ƙato da furfura yana bin fim ɗin yara. Yaya, girmanka yana nan, amma tunda da ni aka buga misali, a bar ni in kare kaina, in kare yaron.

E, ni masoyin Star Wars ne tun ina firamare, lokacin da na fara ganinsa a kaset ɗin bidiyo, kuma har gobe ina nan. Ga wanda bai sani ba, wani Ba'amurke ne, George Lucas, ya fito da na farko ranar 25 ga Mayu, 1977. Manyan finafinan tara ne, uku-uku: 1977, 1980 da 1983, sai 1999, 2002 da 2005, sannan 2015, 2017 da 2019. Tuhuma uku kuka yi musu, kuma ina da yaƙinin babu wanda ya zauna ya kalli ko ɗaya har ƙarshe kafin a yanke hukunci.

Tuhuma ta farko, wai ƙarya ce da shirme: takobin haske, mutum-mutumi mai magana, duniya mai rana biyu. To, wa ya ce gaskiya ce? Da Gwaggo take mana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, shaidu take kawowa? A makaranta an sa mu karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, da aljanunsu da komai, har jarrabawa muka rubuta a kansu, ba wanda ya ce an lalata mu. Kai, a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya. Da Hausa aka rubuta shi, shekara takwas kafin Star Wars. Ashe kumbo a labari ba baƙo ba ne a gidanmu. Ita ma hamadar da Luke Skywalker ya taso a cikinta, a Tunisiya aka ɗauka. Cikin gidan nasu wani masauki ne da aka haƙa a ƙasa a garin Matmata, sunan duniyar tasu kuwa, Tatooine, daga garin Tataouine aka aro shi.

Ta biyu, wai yana ɓata tarbiyya. Wannan ita ta fi ƙona mini rai, saboda haka bari in ba ku labarin, amma kada a karanta wa yaron wannan wurin. Anakin bawa ne, yaro mai baiwa, aka raba shi da mahaifiyarsa aka kai shi koyon aikin mayaƙan Jedi. Uwar ta rasu a hannunsa, baƙin ciki ya zame masa fushi. Daga baya tsoron kada matarsa ta mutu ya sa ya miƙa wuya ga wani makirin ɗan siyasa, Palpatine, ya ci amanar malamansa, ya zama Darth Vader. Matar da ya yi duk wannan ɓarna dominta, bai tsirar da ita ba. Bayan shekaru ɗansa Luke ya gano cewa wannan azzalumi shi ne ubansa. A fim ɗin 1983 ya samu damar kashe shi, ya yar da makaminsa ya ƙi. Wannan ƙin ne ya karya zuciyar uban, har ya ba da ransa ya ceci ɗansa. Jama'a, labarin da yake cewa fushi yana halaka mai shi, kuma ɗa ba ya ɗebe tsammani daga ubansa komai lalacewarsa, shi ne mai ɓata tarbiyya?

Akwai kuma darasin mulki. Palpatine bai hau tankar yaƙi ba. Shi ya kunna wutar yaƙi a ɓoye, majalisa ta tsorata ta ba shi ikon ta-ɓaci a fim ɗin 2002, a na 2005 ya naɗa kansa sarki, 'yan majalisa suna tafi. Mu da muka taso a zamanin soja, muka kuma ga rigimar tazarce ta 2006, ba ma bukatar tafinta. Gara yaro ya fara gane irin wannan makirci a fim kafin a yi masa shi a akwatin zaɓe.

Na ji an ambaci wani ƙarfi da suke kira Force, wai zai taɓa imanin yaro. Yaron da yake zuwa Islamiyya, yake bin ubansa masallaci, ya san bambancin aƙida da tatsuniya. In akwai shakka, maganinta uba ya zauna kusa da ɗansa su kalla tare, ya yi masa bayani. Hani babu bayani ɓoyo kawai yake koya wa yaro, musamman yanzu da kowane abokinsa yake da waya a aljihu.

Ta uku, wai ɓata lokaci ne. A 1975 Lucas ya kafa kamfanin Industrial Light & Magic saboda babu wanda zai iya haɗa masa hotunan da yake so. Daga sashen kwamfuta na kamfaninsa Pixar ta fito a 1986, masu yin Toy Story. John Knoll yana matashi fim ɗin 1977 ya shiga ransa, ya girma ya samu aiki a wurin, shi da yayansa Thomas suka ƙirƙiro Photoshop, wadda ta fito a 1990, wadda masu hoto a garinmu suke cin abinci da ita. John Boyega, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda ya taso a unguwar Peckham a Landan, shi ne Finn a fim ɗin 2015. Ban ce duk mai kallo zai zama wani abu ba. Cewa na yi yaron da ya kalla ya ɗauki fensir ya fara zane ya riga ya wuce ɗan kallo, kuma wannan fensirin kuka ƙwace.

Sannan laifi tudu ne. Su wa suka riƙa satar jiki zuwa silimar Plaza da Marhaba a Kano don Amitabh Bachchan? Wa ya haddace maganganun Gabbar Singh na Sholay alhali ba ya jin Indiyanci? Kuma akwai wani abokinmu, ya san kansa, da ya ƙi cin tuwo ranar da Barcelona ta doke Arsenal a wasan ƙarshe na 2006 a Paris. Da wane baki waɗannan za su yi wa yaro dariya?

In kuna neman abin tsoro na gaskiya, ku dubi aljihu. Wannan harka kasuwa ce tun asali. A Kirsimetin 1977 kamfanin Kenner bai gama ƙera 'yan tsana ba, sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari, suka kuma saya. A 2012 Disney ta sayi kamfanin Lucas a kan sama da dala biliyan 4, kuma kuɗin nan daga aljihun iyaye ake fanshe su. Nan ne wurin tsawatarwa. A ƙayyade masa lokaci, karatu da salla su riga kallo, kuma ba kowane tarkace za a saya ba. Na 2005 yana da wurare masu tayar da hankali, a nan Ingila ma sai da babba ake barin ɗan ƙasa da shekara 12 ya shiga, don haka kada a bar ƙannensa a gabansa. A fara masa da na 1977, sai 1980, sai 1983.

Yaya, don Allah a mayar masa da zanensa. Kai da kanka ka ware daren Juma'a ɗaya ka zauna ka kalli na farko, awa biyu ne kacal. In ka gama ka ga abin da ya saɓa wa tarbiyyar gidanmu, ka rubuto mini da hujja, zan amsa. Gani ya kori ji.

A gaida su Hajiya da Gwaggo da dukkan yara. Allah ya bar zumunci. Sai wasiƙa ta gaba.

Naku,
Baffan yara na Birmingham