Ɗalibi a biza, mai biyan haraji a ƙaramar hukuma: wa Ingila ke yafe wa harajin gida?

Tun 1993 ƙananan hukumomin Ingila ke karɓar harajin Council Tax daga mazauna gidaje, ko da 'yan haya ne. An yafe shi ga gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne. Idan baligi ɗaya a cikinsu ba ɗalibi ba ne, rangwamen kashi 25 cikin ɗari kawai ake yi. Saboda haka kalmar "ɗalibi" kuɗi ce, musamman ga 'yan Najeriya da faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ninka musu tsadar karatu.

A wurin doka, ɗalibi shi ne mai kwas na aƙalla shekara ɗaya, da karatun makonni 24 a shekara, sa'o'i 21 a mako. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar ƙarewa. Bizar mai kwas na watanni 12 takan ba shi ƙarin watanni huɗu bayan kammalawa, amma ƙaramar hukuma ba ruwanta da biza, ba ruwanta da bikin yaye ɗalibai. Ranar da jami'a ta rubuta a takardar shaida take dubawa. Washegari haraji ya hau kan mutum, ko sakamako ya fito ko bai fito ba, ko ya sami aiki ko bai samu ba.

Masu digirin digirgir da suka shiga zangon rubuta kundi suna cikin ruɗani mafi girma, domin makomarsu ta rataya ne a kan yadda jami'a ta yi musu rajista da yadda hukumar yankinsu ta fassara ta.

Akwai haƙƙin da da yawa ba su sani ba. Matar ɗalibi ko mijin ɗaliba da bizarsa ta hana shi karɓar tallafin gwamnati ba ya shiga lissafi, ko da yana da izinin aiki. Babbar Kotu ta tabbatar da haka a 2012, a shari'ar da ta shafi ƙaramar hukumar Harrow a Landan.

Sassauci kuwa da wuya ya zo daga hukumomin da aljihunsu ya huje. Birmingham, wadda ta ayyana kasa daidaita kasafinta a Satumban 2023, ta ƙara harajin da kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024.